Mai Guga a Ajin Kyauta

Duk wanda ya taɓa kai wa Sai-Na-Gani wanki ya san ba a ajiye masa kaya a juya. Tsayawa za ka yi. Zai kwance ƙullin a kan tebur, ya ɗaga kowace riga ta wajen haske, ya zura hannu cikin kowane aljihu ya zazzago shi waje ya nuna maka. In akwai huji a jikin rigar, sai ya sa yatsa a ciki ya ce, "Ka gani ko? Da shi ta zo." In maɓalli ya fita, sai ka amsa da bakinka cewa a gidanka ya fita. Kana sauri ko ba ka sauri, wannan kuma damuwarka ce.

Mutanen layin suna yi masa dariya, amma ba haka kawai ya tashi da wannan halin ba. Tun yana koyon aiki a hannun wani mai wanki, wani mutum ya zo ya rantse cewa ya bar zoben azurfa a aljihun wandonsa. Ubangidansa bai tambaye shi komai ba, ya wanka masa mari a gaban jama'a. Daga baya zoben ya fito a gidan mai shi, a bayan gado. Babu wanda ya tako ya ce masa yi haƙuri. Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa maganar baki iska ce, kuma duk wanda ya yi maka fara'a da yawa akwai abin da yake nema.

Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙarshen layi: tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo da ya sha ƙuna, igiyoyi a sama, bokitin sitati a lungu, da duwatsun guga na gawayi, don shi ko wutar lantarki bai yarda da ita ba. Bai iya karatu ba, saboda haka da zare yake gane kayan mutane. Ɗan ɗinki a cikin kalmasa: ja na mai kantin magani, shuɗi na gidan direba, baƙi da fari na malaman makaranta. A haka ya yi aure, a haka ya aurar da 'ya'yansa mata, bai taɓa haɗa wandon wani da na wani ba.

Abin da ya ci amanarsa kafaɗarsa ce ta dama. Dutsen guga ba ya tsufa, mai ɗaga shi ne yake tsufa. Sai da ta kai in gari ya waye matarsa ce ke zura masa hannun riga, yana cije leɓe yana cewa ba komai. Shi da ita duka sun san cewa in hannun nan ya tsaya, tukunyar gidan ta tsaya.

Ana cikin haka ƙanin matar, wanda ke tura gadon marasa lafiya a babban asibiti, ya zo da labari.

"Yaya, tsohon da ke sashen wanki zai ajiye aiki baɗi. Can inji ne yake wanki, inji yake matsewa, kai naka kawai zubawa da kwashewa. Na yi maka magana da shugaban sashen. Amma sai da takardar shaidar ka iya karatu, don buhunan kaya da jarkokin magani duk rubutu ne a jikinsu."

"Shi shugaban, me zai samu in ya ɗauke ni?"

"Mai wankin da ya san aiki mana! Yaya, kai ko ruwan sama aka ce ya sauka sai ka tambayi wa ya aiko shi."

"To ina zan samo takardar?"

A nan ne ya fara jin labarin ajin manya. Makarantar firamaren gwamnati da ke bayan tasha, in yara sun tashi da yamma, manya ke shiga. Gwamnati ce ke ba da ɗaki da littattafai da alli, ita ce kuma ke turo jami'inta ƙarshen kowane zango ya yi jarrabawa ya ba da takarda. Masu koyarwa kuwa 'yan wata ƙungiyar sa-kai ne, mutanen gari da suka haɗa kansu, ba a biyansu ko sisi. Ɗalibi ma ba ya biyan komai.

"Kyauta?" in ji Sai-Na-Gani. Ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a abinci.

Ya je dai, don kafaɗa ba ta bar masa zaɓi ba. Ya zauna dab da ƙofa, a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun tokare da tebur. Maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen. Malamin tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, siriri, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare. Da aka tashi, Sai-Na-Gani ya tare shi a baranda.

"Malam, tsakani da Allah, kai me kake samu a nan?"

"Ciwon maƙogwaro," in ji Malam, yana karkaɗe alli daga hannunsa.

Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya. Sai-Na-Gani bai yi ba. A ganinsa mutumin da ya amsa tambaya da wasa, gudun amsar yake yi.

Abin haushi, karatun ya shige shi da wuri. Idon da ya saba hango ɗigon mai a baƙin yadi ba zai rikita harafin "ba" da na "da" ba. Kafin zangon ya ƙare yana karanta allunan shaguna a hanya, yana motsa baki, har ya gano cewa mai kantin magani ya daɗe da kuskure a jikin allonsa. Da jarrabawa ta matso, Malam ya ware mutum kaɗan ya ce su ne za su zauna gaban jami'i. Babu Sai-Na-Gani a ciki.

"Ka ɗan ƙara nuna, Baba mai guga," in ji Malam da murmushi. "Zango mai zuwa, in Allah ya yarda."

Zango mai zuwa ya zo, aka sake raba littafin farko, aka koma ba, be, bi, bo, bu. A nan ne mutumin naka ya daina kallon allo ya koma kallon mutane. Ya lura da wata mai sayar da zare da allura, wadda ke karanta tsohuwar jarida a ƙarƙashin tebur tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Ya lura da wani mai gadi da ya daɗe a ajin har yana gyara wa Malam in ya yi tuntuɓen alli. Su ma duk littafin farko ne a gabansu. Wata rana jami'in gwamnati ya leƙo duba aji, matashi mai takalmi mai sheƙi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana ƙirga kawuna da idonsa. Malam ya ce mai gadi ya tashi ya karanta. Sai ga mai gadin nan, wanda jiya-jiya ya karanta wa maƙwabcinsa takardar asibiti ba gargada, yana in'ina yana sosa ƙeya: "Ba... ba... baba."

Sai-Na-Gani ya bi shi da kallo har ya zauna. Da aka fito ya riƙo hannun mai gadin.

"Kai, wannan wasan kwaikwayon na mene ne?"

"Haka ake yi, Baba. Kai ma za ka saba."

Bai saba ba. Ya koma gida ya kwana yana juya maganar, ya tashi da dabara biyu. Ta farko, ya ce wa Malam ya kawo kayansa ya wanke masa, girmamawa ce ta ɗalibi. Ya kai su shago ya bincike su kamar kayan ɓarawo. Wuyan rigar an riga an juya shi ya sake cinyewa. A aljihu babu komai sai garin alli da ɓawon alewar tari. Wani da ya ga haka sai jikinsa ya yi sanyi. Shi kuwa cewa ya yi, "Lallai mutumin nan ya ƙware. Wanda ya iya ci ba ya sawa a jiki."

Dabara ta biyu ita ce matarsa.

"Gobe ki shirya mu je tare. Ki zauna cikin mata, ki buɗe kunne. Mata ba sa riƙe magana, za ki ji inda ake kai abin da ake samu da kawunanmu."

"Maigida, ni da ban taɓa riƙe fensir ba?"

"Ba karatu na aike ki ba."

Ta je a matsayin 'yar leƙen asiri, kuma ba a taɓa yin 'yar leƙen asirin da ta kunyata wanda ya aike ta kamarta ba. Ranar farko suna dawowa ya ce, "To, me suka ce?"

"Sun ce wannan mai cikin a gaba ita ce ba, mai cikin a baya kuma da."

"Ba wannan nake tambaya ba!"

"Ni dai shi na ji."

Matar da ta yi rayuwarta tsakanin murhu da igiyar shanya, wadda ko maganin jikokinta sai ta kai wa maƙwabta su duba mata, sai ga ta tana tsince gawayin gugarsa tana zane a bangon tsakar gida. Ba ta da saurin ɗauka irin nasa. Harafi guda sai ya kwana biyu yana yi mata gardama. Amma in ta kama shi, sai ka ga fuskarta ta washe, ta yi ta nemansa a jikin kwalaye da ledoji tana cewa, "Ga shi nan kuma! Ashe duk suna nan ban sani ba." Tun kafin lokacin aji ya yi ta gama girki ta yafa gyale tana jiransa a bakin ƙofa. Shi kuwa haushi yake ji, don ya tura mai tsaro an saye ta da alli.

Sai ƙanin matar ya dawo, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, tsohon zai tafi ƙarshen watan nan. Akwai wani da ke ta kai-kawo da ɗan ƙanwarsa, yaro da takardunsa a hannu. Shugaban ya ce in ba ka kawo taka ba kafin nan, shi ba ruwansa."

A makon ne Malam ya sake ware masu jarrabawa. Ya kira mutum kaɗan, ya rufe bakinsa. Sai-Na-Gani ya jira har aji ya watse, matarsa ta yi gaba da sauran mata, sannan ya tsaya a gaban teburin.

"Malam, na iya ko ban iya ba?"

Malam ya cire tabarau ya murza idonsa. "Ka iya. Ka fi wasu da na tura."

"To me na yi maka?"

"Zauna in gaya maka, tunda ka tambaya kai tsaye. Gwamnati kawuna take dubawa. In ajin nan ya yi ƙasa da adadin da suka yanka, rufe shi za su yi. Sababbi kuma ba sa zuwa da yawa, sai mun bi gida-gida muna roƙo, kunya ke hana mutane. In na saki duk wanda ya iya a lokaci guda, waɗanda suka fara jiya ba su da aji gobe. Shi ya sa ƙungiya ta tsara mu riƙa sakin mutane kaɗan-kaɗan, in sabo ya shigo tsoho ya fita. Layi ne, Baba. Naka bai zo ba."

"Wato jingina kuka yi da mu."

"Kira shi yadda ka ga dama. Ni ma ba daɗinsa nake ji ba."

Sai-Na-Gani ya gaya masa maganar asibiti, da kafaɗar, da ƙarshen wata. Malam ya ce ai da ya faɗa tun farko. Ya ce shi kaɗai ba ya iya tsallake layi, akwai waɗanda suka riga shi jira, amma zai kai maganar zaman ƙungiya.

"Yaushe ne zaman?"

"Farkon wata mai kamawa."

Sai-Na-Gani ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ga shi nan dai, abin da ya daɗe yana jira: labari mai tsari, da tausayi a ciki, da zaman da zai zo bayan an gama komai. Gaskiya Malam ya faɗa masa, amma gaskiyar ta zo da irin kayan da ƙarya ke sawa, shi kuma tun ranar zoben nan bai sake sayen irinta ba. A ransa ya ce gwamnatin da ta gina ɗaki ta buga littafi ba za ta rufe aji don mutane sun iya karatu ba. Wannan barazana ce ta masu cin abinci da kawunan talakawa. Kuma ko da gaskiya ne, shi aka ga ya dace ya biya da kafaɗarsa? A nan kam ba zan ce bai da hujja ba.

Washegari ya rufe shago, ya sa rigarsa mai sitati, ya nufi ofishin ilimi. Ya sha zama a benci kafin a shigar da shi wurin matashin nan mai takalmi mai sheƙi.

"Ranka ya daɗe, na iya karatu an hana ni jarrabawa."

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa, ya turo masa wata takarda daga kan tebur. Sai-Na-Gani ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, a hankali, ba tuntuɓe. Da a nan ya tsaya, da wataƙila takardarsa kawai zai karɓa ya tafi. Amma jami'in ya ce, "Ikon Allah. To me ya sa malaminku bai kawo ka ba?" Mutumin da ya shekara yana tara zargi a ciki, yau ga wanda ya tambaye shi. Bakinsa ya ɓalle. Ya faɗi mai gadi da in'inarsa ta ƙarya, ya faɗi mai zare da jaridarta, ya faɗi layi. Sai da ya ga alƙalamin jami'in yana gudu a kan takarda sannan ya ji wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya, amma ya danne.

Ba a yi kwana nawa ba jami'in ya diro ajin ba sanarwa, da abokin aikinsa da mai ɗaukar hoto. Ya ce yau kowa zai zauna jarrabawa. Mai gadi ya fara ba... ba... ɗinsa, jami'in ya ce, "Baba, in ka faɗi yau, sunanka ya fita daga shirin nan gaba ɗaya." Nan take harshen mai gadi ya warware. Aka yi ta cin jarrabawa kamar ana rabon goro. Jami'in sai fara'a yake, don shi a wurinsa rana ce ta nasara, zai kai wa na sama da shi labarin aji guda da ya yaye mutane tuli. Aka jera su aka ɗauki hoto. Malam ya tsaya a gefe yana tafi tare da kowa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Bai ko dubi inda Sai-Na-Gani yake ba. Waɗanda ba su ci ba, 'yan tsiraru ne a bencin baya, yawancinsu mata sababbin shiga, suna tafa wa na gaba da zuciya ɗaya. Matarsa ta fi kowa tafi.

Ya kai takardarsa asibiti ana saura kaɗan wata ya mutu, aka ɗauke shi. Kuma kada a ɓoye, ya ji daɗi ƙwarai. Ɗaki ne mai faɗi da tayil, injuna suna juyi suna gurnani, shi kuwa yana karanta jikin buhu yana cewa wannan na ɗakin haihuwa ne, wannan na ɗakin yara. Da farko bai yarda da injin ba, sai ya fito da zanen gado ya ɗaga ta wajen haske yana neman inda ya yi ha'inci. Cikin 'yan kwanaki ya fara zura hannun rigarsa da kansa. Ya ce wa kansa ai ga shi, da ya biye wa Malam da yanzu ɗan ƙanwar wani ne a nan.

Matarsa kuwa ta ci gaba da zuwa aji ita kaɗai. Ta dawo rana ta farko ta ce ƙofa a kulle, wataƙila Malam ba shi da lafiya, dama yana tari. Rana ta biyu ma haka. Ta uku ta ce an manna wata takarda a ƙofar, su da suka je babu mai iya karantawa, mai gadin makarantar kuma ya ce shi ba a gaya masa komai ba.

"Salon jan rai ne," in ji Sai-Na-Gani. "So suke a je a roƙe su."

Ranar hutunsa ta matsa masa ya raka ta. Ta riƙo littafinta da fensir a cikin leda, wai ko an buɗe. Yara sun tashi, filin makarantar babu kowa sai awaki. Ga kwaɗo a ƙofar ajin, ga farar takarda da hatimin ofishin ilimi. Ya matsa ya karanta a zuci. An rufe wannan aji saboda ƙarancin ɗalibai. Masu sha'awa su nemi cibiyar da ke ɗaya ƙarshen gari. Ya san wurin. Mota biyu ake hawa, kuma kafin a tashi duhu ya yi. Ba inda za ta je.

Ya sake karantawa, yana neman inda aka yi wayo a ciki. Babu.

"Maigida, me aka rubuta? Karanta mini mana, ba kai ne mai takarda ba?"

Ya buɗe baki zai fara, ta ɗaga masa hannu.

"To tsaya, kar ka faɗa, bari in gwada." Ta miƙa masa ledar, ta sa yatsa a layin farko. "Wannan a ce, da na... an. Wannan ta ƙarshen fe ce, na san ta. Ta gabanta fa?"

"Ru," ya ce.

"Ru. Ru... fe." Ta yi murmushin nan nata na wadda ta kama harafi. "Rufe. An rufe."

Murmushin ya ɗan jima a fuskarta kafin maganar ta isa inda za ta isa. Ta sauke yatsanta a hankali, ta dubi kwaɗon, ta leƙa ta tagar da gilashinta ya fashe, inda ake hango bencinta na baya da allon da ba a goge ba.

"Ba mu kai ru ba tukuna," ta ce. "Malam ya ce sai mako mai zuwa."